Felun Lubabatu

A Sunke, Lubabatu ce kaɗai ke gasa burodi a gida. Tandar ƙasa ce ta gina da hannunta a bayan ɗaki, kullum kuma ɗan kabu-kabu na ɗaukar burodin ya kai wa Bature mai shayi a tashar Anka. Duk sana'ar ta rataya ne a kan felu, wani faffaɗan katako mai doguwar ƙota da take zura ƙullin cikin tanda da shi, ta kuma fito da shi in ya gasu.

Ba a banza ta same shi ba. Har Gummi ta je wajen Makau masassaƙi, ta ƙi icen dogon yaro saboda ɗaci, ta ƙi ƙirya saboda nauyi, ta tsaya kan ɗinya. Ta sa ya yi ta kankare bakin har ya yi sirantakar da zai shige ƙarƙashin ƙulli bai tura shi ba. Ba ta jiƙa shi da ruwa, sai dai ta kankare ta goge. Kafin ta ɗora ƙulli takan barbaɗa masa garin gero, ta girgiza sau ɗaya, burodi ya zame ya zauna inda take so.

Sai zinariya ta zo gari. Mijinta Ɗanmusa, wanda gero bai taɓa yi wa tsiro a kan lokaci ba, ya wayi gari masanin duwatsu. Ya riƙa kwaso su buhu-buhu, a niƙa, a shanya garin a tsakar gida inda Naziru da Zainab, 'ya'yansu, ke wasa. Turmin gidan ya tafi aikin zinariya, kwanon tuwo ya bi shi. Lubabatu ta ci gaba da gashin burodinta.

Wata safiya ɗan kabu-kabun ya dawo da ragowar burodin jiya gaba ɗaya, da saƙon Bature: wani direba ya tauna tsakuwa, ya kusa barin haƙorinsa a kofin shayi. In aka sake, zai koma sayen na gidan burodi.

Ta ɗauko felun ta shafa. Bakin ya yi kaushi, ya ɗan tsage, wani toka-tokan gari ya shige cikin jijiyar katakon. Ta fito tsakar gida, ta tarar da Ɗanmusa tsugune gaban shanyarsa.

"Baban Naziru, da mi ka juya wanga gari jiya?"

"Da abin da na samu kusa."

"Da feluna."

"To, ya narke? Ga shi nan hannunki. Ya ma hi shebur kwasa, wallahi Makau ya iya aiki."

"Abincin mutane nika ɗorawa kai!"

"Ke Luba, katako na hwa. Garin da ya maƙale mai yanzu ya hi burodinki daraja. Direban nan ya gode Allah, zinariya ya tauna."

Ya yi dariya shi kaɗai, kamar yadda masu sabon arziki kan yi.

Ta kankare felun da wuƙa har hannunta ya yi kanta, ta gasa ɗaya don gwaji, ta gutsura. Ƙasa ta yi ƙara a haƙorinta. Ta tofar, ta buɗe tandar, ta tura felun ciki, wannan karon har ƙotar. Ɗinya busasshiya ba ta gardama da wuta.

Da azahar ta goya Zainab, ta ja hannun Naziru, ta hau mota zuwa gidan yayanta a Gummi. Sunke ta samu abin hira: mace ta yi yaji saboda katako, ana tsakiyar arziki.

Ɗanmusa ya zo biko a kan sabon babur, da sabon shebur na ƙarfe ɗaure a baya, kyauta. Ta dubi sheburin, ta dube shi.

"Da wanga zan gasa, ko kabarin sana'ata zan haƙa?"

"Ki dawo dai, mu daina abin kunya."

"Duwatsu su bar gidan, in dawo."

"Zinariya ta bar gida don burodi? Kin ji kanki kuwa?"

Ya tayar da babur, ya koma da sheburinsa. Makau ya sassaƙa mata wani felun, ta gina tanda a bayan gidan yayanta, masu shayin Gummi suka san ta. Bature ya aiko yana ba da haƙuri, ta ce Anka ta yi nisa.

Da yaran gidajen da ake niƙan dutse suka fara wani ciwo da ba wanda ya san kansa, wanda daga baya aka gano gubar dalma ce daga garin dutsen, sai Sunke ta daina ba da labarin matar katako. Wasu suka ce ashe ta hango. Lubabatu ba ta karɓi wannan yabon ba. Duk wanda ya tambaye ta, amsa ɗaya take ba shi, ranta a ɓace kamar ranar: felunta Ɗanmusa ya lalata mata, kuma har yau bai ce ta yi haƙuri ba.