Motar da Ta Fita Ba a Ɗaure Ba

Da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas, Tsito bakanike ya dawo daga salla ya tarar babu jar motar tseren da yake gyarawa a gareji.

"Yaya, ina motar nan?"

Yayansa, wanda suke aiki tare, yana goge hannu da tsumma. "Mai ita ya zo. Na ga ka sauke ta daga jak, sai na miƙa masa makulli. Har yabonka ya yi, kai da ba a saba yabo ba."

Tun safe Tsito yake cire mata tsofaffin bushin, robobin ƙafar mota, yana sa masu tauri, irin waɗanda ke riƙe mota a kwana. Shi kuwa bushin ba a ɗaure notinsa mota tana sama. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba sai robar ta murɗe ta yage. Sauke ta da ya yi ke nan aka kira salla. Notunan ƙafar gaba da yatsu kawai ya kama su.

"Ban ɗaure ba, Yaya."

"Ba ka me?"

Ya kira wayar mai motar, tana shiga ba a ɗauka.

"Cewa ya yi zai ɗauko 'yarsa a makaranta, daga nan ya hau babban titi ya gwada ta." Muryar Yaya ta sauya.

Tsito ya san makarantar, sai ya zari sifana ya haye babur. Ruwa ya kece. Duk inda ya hango mutane sun taru a gefen titi sai ya rage gudu ya leƙa, bakinsa yana ta addu'a.

A ƙofar makarantar ya tarar da motar. Yarinyar ta riga ta shiga gaba, uban yana shirin tayarwa. Tsito ya dafa bonet da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, kar ka tayar! Ban gama ɗaure ƙafar ba."

Mutumin ya sauke gilashi kaɗan. "Yanzu kai saboda Allah wannan aiki ne? To yi sauri, ka ga ruwa."

Tsito ya kwanta a cikin ruwan. Motar ta yi ƙasa ƙwarai, da ƙyar kafaɗarsa ta shiga. Ya laluba, noti ɗaya saura ƙiris ya fita. Ga duhu, sifana sai zamewa take yi.

Can sai haske ya shigo ta bayan taya. Wata mata ce da ta zo ɗaukar ɗanta, ta durƙusa da fitilar waya, gefen zanenta cikin taɓo.

"Nan, ɗana? Ko in matso?"

"Nan, Mama."

Ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure tamau. Kafin ya jawo jikinsa ya fito, mai motar ya fara danna hon, ita kuwa matar ta kama hannun ɗanta, har sun tsallaka titi.