Daƙiƙa Talatin da Bakwai

Ƙarfe goma na safe na tarar da mahaifiyata a bakin titi, waya a kunne, tana ɗaga hannu tana masifa.

"Ki gyara hularki, Yaya! Kin karkata ta kamar ɗan tasha."

Na bi hannunta da kallo. Can ƙetare, bayan layi takwas na motoci, ga Inna Mal-sun zaune a kujerar roba a gaban wani rufaffen shagon ɗinki, ita ma waya a kunne, tsohon keken jariran da take dogarawa da shi yana gefenta. Duk lokacin da babbar mota ta gifta sai su ɓace wa juna, su yi shiru har ta wuce, sannan su ɗora daga inda suka tsaya.

"Umma," na ce, "tun yaushe kuke haka?"

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Au, Farfesa ce ta sauka? Yaya, ga 'yarki Mi-ran daga Seoul, ta rame kamar ba a sayar da shinkafa a can."

Inna Mal-sun ba 'yar'uwar Umma ba ce ta jini, amma shekararsu arba'in da uku tare a unguwar Solbat. Lokacin da titin nan yake ɗan siriri, da silifa Umma take tsallakawa, ludayi a hannu, don kawai Inna ta ɗanɗana mata gishirin miya. Da Baba ya rasu, a gidanmu Inna ta kwana har aka yi sadakar kwana arba'in da tara. Daga baya aka faɗaɗa titin saboda motocin masana'antu, ya koma mita talatin, danja kuma ba ta ba mai tafiya a ƙasa sai daƙiƙa talatin da bakwai. Bara Umma ta gwada, fitila ta juya ja tana tsakiya. Ta tsaya cak a kan zanen rawaya minti biyu cur, manyan motoci suna kaɗa mata siket ta gaba da ta baya. Tun ranar ba ta ƙara sa ƙafa ba.

Ni kuwa aikina ke nan, abin haushin. A jami'a nake koyar da tsarin zirga-zirgar birane, musamman tafiyar ƙasa da hawan keke. Na zaga ƙasashe ina nuna hotunan hanyoyin kekuna, ana tafa mini. Uwata kuma tana nan ta kasa tsallaka titin ƙofar gidanta.

* * *

Sai da ta zuba mini miyar waken suya ta ga na fara ci sannan ta faɗa mini.

"Dong-pil ɗan Yaya zai zo ya ɗauke uwarsa ƙarshen Disamba. Gidan kula da tsofaffi, can kusa da shi a Incheon."

"Me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Asibiti yana ɓangarenmu, kasuwa tana ɓangarenmu, zauren tsofaffi yana ɓangarenmu. Can me ya rage? Garejin taya da gidan mai. Ya ce ba zai bar ta ta ruɓe ita kaɗai a ɗaki ba. Ai da gaskiyarsa."

"Ga gadar sama."

"Matakala hamsin da biyu, da gwiwar wa?"

"To tasi. Ko ni in ɗauke ki yanzu in kai ki."

Ta ajiye cokali. "Tasi sai ya je filin ƙwallo kafin ya sami wurin juyawa, direba yana ta tsaki. Ke kuma sau nawa kike zuwa a shekara? Ni ba ziyara nake so ba, Mi-ran. So nake in leƙa ta in ce mata ƙafata na ciwo, ta ce ƙarya nake, in dawo."

Raina ya sosu, don na san abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: daƙiƙa goma sha biyu ko sha uku a kan danja. Da wannan ƙarin Inna za ta iya turo kekenta har asibiti, Dong-pil kuma ya rasa hujja. Na ce wa Umma ta kwantar da hankalinta, ranar Litinin zan je ofishin kula da hanyoyi. Har da ɗaga kafaɗa na faɗa.

* * *

Shugaban sashen, wani mai ladabi da ake kira Eom, da hannu biyu ya karɓi katina, ya sa aka kawo mini shayin sha'ir. Na yi masa bayani kamar ina gaban ɗalibai: rabin mutanen Solbat sun haura saba'in, ya kamata a lissafa danjar da saurin tsofaffi.

"Gaskiya ne, Farfesa," ya ce. "An taɓa duba hakan shekara goma sha biyu da suka wuce. Sai dai binciken ya nuna tsofaffin unguwar ba sa buƙatar ƙari."

"Wane sakaran ne ya yi binciken?"

Ya jawo fayil daga durowa, ya juyo mini da shi a hankali, ya kawar da kai yana gyara alƙalaman teburinsa. A bangon an rubuta: Tak Mi-ran.

Na tuna ranar sarai. Ina ƙarshen digirina na uku, ofishin ya ba ni aikin auna saurin tafiyar tsofaffin unguwarmu. Umma ta tara mini mutum talatin da ɗaya daga zauren tsofaffi. Na tsaya da agogon auna gudu, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a kan zanen tsallakawa, kai a sama. Sakamako ya fito mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya, daidai da matasa. Na rubuta cewa tsofaffin Solbat sun ƙaryata abin da aka saba ɗauka. Wannan takarda ce ta fara sa aka san sunana, ita ce kuma ta buɗe mini ƙofar jami'a.

"In an kawo sabon awo za mu karɓa," in ji Eom. "Kwamiti yana zama a watan Maris."

"Maris ya yi nisa."

"Farfesa ta fi ni sanin ƙa'ida. Daƙiƙa ɗaya a wannan mahaɗa tana taɓa danja tara."

Na sani ɗin. Ni nake koyar da ita.

* * *

Ranar haɗa kimci, kabeji mai yaji da ake ajiyewa don hunturu, na ɗauko Inna a mota. Tafiyar mita talatin ta ci mu minti ashirin da biyar. Da suka haɗu ba su rungumi juna ba. Inna ta leƙa bahon kabeji ta ce gishiri ya yi yawa, Umma ta ce wanda bai jiƙa ba ba ya magana, suka zauna a ƙasa gwiwa na taɓa gwiwa. Muka sa safar roba muna cusa jajjagen barkono da tafarnuwa tsakanin ganyaye. Can na yi ta maza na tambaya.

"Inna, ranar da na auna ku, yaya aka yi kuka yi sauri haka?"

Suka dubi juna, sai dariya. Inna har da share hawaye da bayan hannu.

"Kwana biyar muna atisaye a filin makaranta! Ni ce kwamanda. Duk mai jan ƙafa na ce ya yi zamansa a gida. Tsoho Gu da ya nace sai ya zo, matarsa ta ɓoye masa takalma."

"Don me?"

"Ji wata tambaya. 'Yarmu za ta rubuta littafi a kai Seoul, sai a karanta a ce tsofaffin unguwarsu duk guragu ne? Mu kunyata ki?"

"Ni kwana uku na yi ban tashi ba bayan nan," in ji Umma. "Amma na zo ta huɗu."

"Ta shida."

"Ta huɗu, Yaya, kada ki ci mini haƙƙi."

Na gaya musu abin da ke cikin fayil ɗin Eom. Dariyar ta tsaya. Umma ta ci gaba da murza ganye ɗaya da ya riga ya ji barkono.

"Wato mu muka yi wa kanmu," in ji Inna.

"A'a, ni ce." Na ajiye kabejin da ke hannuna. "Na ga sandunanku a ranar, Inna. An jingine su a bayan ƙofar kemis, sun fi goma. Na gani na kawar da kai, don sakamakon ya yi mini kyau."

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Na jira faɗa, na ma so a yi mini. Inna ta yago ɗan ganye daga tsakiyar kabeji, ta naɗe shi, ta miƙo.

"Buɗe bakin. Gishiri ya ji?"

"Ya ji."

"To je ki sake aunawa. Wannan karon ba sai mun yi ƙarya ba."

* * *

Na sake aunawa, a ɓoye, daga tagar kemis, kwana tara. Ban sami tsofaffi da yawa ba, domin waɗanda suka fi buƙatar ƙarin sun daina zuwa bakin titin. Tsoho Gu ma ba ya cikinsu. Shekara uku ke nan da mota ta buge shi saura taku huɗu ya kai. Na miƙa rahoto, na rubuta wasiƙu, na kira duk wanda na taɓa zama da shi a taro. Kowa ya ce abin tausayi ne, kowa ya ce Maris. Na kira Dong-pil na roƙe shi ya ƙara wata uku.

"Yaya Mi-ran," ya ce, "jiya ta zame a banɗaki, sai da maƙwabci ya ji ihunta. In kin ba ni tabbacin Maris, zan jira."

Ba ni da tabbacin, ban kuma iya yi masa ƙarya ba.

A makon ne na gane abin da Umma take yi a barandar benensu da hantsi. Ta auna mita talatin da igiyar shanya, daga ƙofarta zuwa ƙofar lifta. Sai ta murɗa agogon dafa ƙwai a kan daƙiƙa talatin da bakwai, ta sa shi a aljihu, ta kama tafiya tana cije leɓe. Kullum agogon yana ƙara tana wajen ƙofa ta biyar, saura biyu.

"Umma, za ki faɗi."

"Na taɓa yi ai. Da ƙafafun nan na zo ta huɗu."

Ranar ashirin da takwas ga Disamba motar Dong-pil ta tsaya a gaban shagon ɗinki. Na ce in zagaya da Umma, ta ƙi, wai ba ta son sallamar cikin mota. Ta tsaya a wurinta na kullum da waya a kunne. Muna kallo aka naɗe keken jariran aka cusa a but.

"Ki riƙa sa safa biyu, Yaya. An ce can akwai iskar teku."

Ban ji amsar ba. Danja ta ba da kore, Umma ta sauke ƙafa ɗaya a kan kwalta, ta tsaya a haka har lambobin da ke ƙirga daƙiƙoƙi a jikin danjar suka ƙare, sannan ta mayar da ita.

* * *

Kwamiti ya zauna a Maris, ya amince da ƙarin daƙiƙa goma sha biyu. Eom da kansa ya kira ni yana taya ni murna, jami'a ma ta sa labarin a mujallarta, da hotona. Zuwa lokacin Inna ta daina gane muryar Umma a waya. Takan saurara cikin ladabi, ta ce an gode da kira.

Ranar Asabar ta farko a Afrilu Umma ta sa rigarta mai kyau da takalmin roba, ta ce in zo da agogona. Ƙarfe goma muna bakin titi. Fitila ta yi kore, ta ƙi kama hannuna. Na bi ta a baya ina kallon wuyanta da ya ƙanƙance, da yadda take jefa kafaɗa gaba kamar ita za ta ja sauran jikin. Muka wuce zanen rawaya. Wani mai babbar mota ya fara matso da hancin motarsa. Ta taka dakalin ƙetare lambobi suna nuna uku.

Ta dafa sandar danja tana haki. "Nawa?"

"Arba'in da shida."

"Da Yaya ta ce hamsin ne."

Kujerar robar tana nan a gaban shagon, ruwan sama ya taru a tsakiyarta. Umma ta karkata ta ya zube, ta goge da hankicinta, amma ba ta zauna ba. Ta ɗaga kai ta dubi tagar hawa na biyu, inda Inna ta zauna a da. An sa wasu labulaye shuɗɗa, an shanya kayan yara a baranda.

"To," ta ce. "Mu koma."

Ta juya ta fuskanci titi, ta gyara tsayuwa, muka tsaya jiran kore.