Igiyar Bukkar Baba

Shekarar da ƙanena Heriberto ya dawo daga Nuyok, itatuwan fiya sun yi 'ya'ya har rassa na karyewa. Duk wanda aka binne cibiyarsa a duwatsun Puerto Rico ya san abin da hakan ke nufi a wurin tsofaffi. Inna Eulogia, mahaifiyarmu, ta ɗaga kai ta dube su ta ce, "Bana akwai baƙuwa." Babbar guguwa take nufi.

Heriberto ya yi dariya har da riƙe ciki. Shekara talatin ya yi yana goge benayen mutane, ya dawo da tumbi da sarƙar wuya da sabon suna, wai a riƙa ce masa Herbi. Ya gina gida a ƙasan gonarmu ta kofi, gabansa duk gilashi, don masu wucewa su ga kujerunsa. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne bukkar guguwa da Baba ya bari a jikin tudu. Gajeriya ce, rufinta ya taɓo ƙasa ta kowane gefe, sai ka durƙusa za ka shiga. Ƙofarta ba sakata, igiya ce ake ja ta ciki, ana karɓa-karɓa har iska ta wuce. Da Baba na raye, shi ke riƙe ta.

Da rediyo ya fara kiran sunan guguwar, sunan wata mace, Inna ta taɓe baki. Ita da sunan waliyyin ranar da guguwa ta zo take kiranta, kamar San Felipe wadda ta same ta tana goye a bayan kakarmu. Ta ce bukka za ta shiga, ba inda za ta. Shekararta saba'in da ɗoriya, ni kuma kafaɗata ta daɗe da lalacewa wajen tsinkar kofi. Na gangara wurin ƙanena, na same shi a kan tsani yana manna salatif a gilashi, giciye-giciye.

"Heriberto, Inna na bukka. Zo ka riƙe mana igiya."

"Herbi," ya ce. "Haba Yaya Brunilda, akurkin kaji zan shiga? Ku zo nan ku ga gini. Siminti ne da rodi."

"To wannan zanen fa? Guguwar karatu za ta tsaya yi?"

"Ke dai ƙauyanci zai kashe ki."

Na koma ni kaɗai, zuciyata na tafasa.

Da hantsi guguwar ta iso. Na naɗe igiyar a hannu, na tokare ƙafa da dokin ƙofa, Inna na bayana tana jan carbi. Kwanon rufin mutane na wucewa ta kanmu yana kuka. Awa uku ina ja, ƙofa na ja, har na daina jin yatsuna. Sai kuma ɗif, iska ta ɗauke, rana ta leƙo ta tsagar katako.

Ko jaririn garinmu ya san wannan shirun. Tsakiyarta ce kawai, za ta dawo ta ɗaya gefen da fushin da ya fi na farko. Amma sai ga muryar gogan naka a waje, yana fito.

"Ina mutanen rami? Ku fito, an tashi wasa! Ko tsagewa gilashina bai yi ba."

Inna ta leƙa. "Shigo, ɗan nan. Yanzu za ta juyo."

"Inna ke nan. Ga rana tarwai! Bari in ɗauko hoton rafi in aika wa abokai."

Ya tafi yana taku ɗaiɗai da farin takalminsa. Na ja igiya na rufe, kuma wallahi ban ji tausayinsa ba.

Ba a yi minti ashirin ba ta juyo. Wannan karon ƙofar take duka kai tsaye. Cikin rugugin muka ji ana buga katako, ana ihu. Babu Herbi a muryar nan, sai "Inna! Inna!" kamar ɗan yaye.

"Idan na saki, iska ta shiga, rufin ya tafi da mu," na ce.

"Buɗe masa."

"Shi ya zaɓa!"

"Brunilda, ni na haife shi. Buɗe."

Na sassauta. Ya faɗo ciki da rarrafe, ya bangaje ni, igiya ta kuɓuce, ƙofa ta wangale. Shi da ke kusa da ita, ƙato mai ƙarfin bijimi, sai ya wuce can ƙurya ya cusa kai cikin buhunan kofi. Inna ce ta cafke igiyar. Ta naɗe ta a hannu biyu, iska ta fizge ta har bakin ƙofa, ba ta saki ba sai da na miƙe na kama. Na ji ƙarar yatsunta a lokacin, har yau ina jin ta.

Gilashin gidan Heriberto ko guntun da za a duba fuska bai rage ba. An tsinci kujerunsa a rafi. Inna kuwa yatsu huɗu suka karye, ba su sake lanƙwasuwa ba. Matar da ba a taɓa yin Kirsimeti ba tare da ta naɗe wa unguwa ƙullin ayaba a ganye ba, yanzu ni ke ba ta abinci a baki.

Bayan mako biyu maƙwabta suka zo gaishe ta. Ina kawo kofi na ji Heriberto na ba su labari, yana nuna damtse.

"Ba don Allah ya kawo ni bukkar nan ba, da matan nan biyu sun tafi. Ni na riƙe ƙofar har ta wuce."

Na ajiye faranti, na buɗe baki. Inna ta dube ni, ta ɗora hannunta mai bandeji a kan gwiwata.

"Haka aka yi," ta ce musu. "Ɗana ne ya riƙe."