Rimot Ɗaya, Mu Biyu

Bayan shanyewar ɓarin jiki, hannun hagun maigidana, Injiniya, ya naɗe kamar ganyen da ya sha rana. Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa kullum, ta ce in ya yi sakaci yatsun za su sandare ke nan. Kwana uku ya yi, ya cilla ta ƙarƙashin gado.

"Shekara talatin ina gina gadoji," ya ce, "yanzu a ce matsa ƙwallo ne aikina?"

Autarmu ce ta kawo na'urar wasan bidiyo ta jona da talabijin ɗin falo. Wasan harbi ne a cikin wani kumbo da ya ɓace a sararin samaniya, an ciro shi daga littafin zanen da Injiniya ya haddace tun yana sakandare. Ƙanwarsa da ta zo dubiya ta riƙe haɓa, wai irin wannan wasa ke ƙeƙasar da zuciya. Na tambaye ta zuciyar wa ta ga ta ƙeƙashe. Ta ce ai kowa ya sani. Ban ja ta ba, amma har ta tafi ba ta kawo sunan mutum ɗaya ba.

Ranar farko ya so ya yi mini wayo, yana sarrafa komai da hannun dama. Sai na sa ya zauna a kan hannun daman, na matso kusa na riƙe rabin rimot na dama. Shi ke tafiyar da sojanmu da babban yatsan hagu, ni ke saitawa in danna kunama.

"Malama, ga su can! Sama, sama na ce!"

"Ina zan ga sama ka kifa mu da bango? Haka ka gina gadojin?"

Mako uku muna haka kowace hantsi. Yatsan ya fara juyawa, sauran huɗun suka ɗan saki.

Sai muka isa wani zaure mai ƙofar ƙarfe. Wata doguwar halitta mai hannu huɗu na tsaye a gabanta, kibiyar wasan na nuna ƙirjinta.

"Kar ki harba," ya ce.

A littafin, in ji shi, ba abokiyar gaba ba ce. Mutanen kumbon da ke barci a bayan ƙofar take gadi. Kyaftin ya kashe ta bisa kuskure, sauran shafukan duk nadamarsa ce. Masu wasan kuwa sun mai da ta abin harbi, har da maki.

"Ba su karanta ba, hotunan kawai suka kalla," ya ce. Ya zare hannunsa daga rimot.

Kwana biyu bai waiwayi talabijin ba. A na uku na ga yatsun sun soma komawa cikin tafin hannu. Kunamar a hannuna take, dannawa ɗaya mu wuce. Amma na san mutumina: in na harba, ba zai sake zama kusa da ni a kujerar nan ba, hannun kuma ya tafi.

Na kai masa shayi na ce, "A littafin naka, masu gyaran kumbon ta ina suke bi? Ba dai ta gaban halittar ba?"

"Akwai bututu a jikin bango," ya ce.

Muka kunna. Ga bututun kuwa, siriri, can sama da kanta. Wanda ya zana zauren wasan ya kwafo shi daga littafin, ko da sani ko ba da sani ba. Tafiya a kansa sai a hankali, yatsa ya ɗan karkace kaɗan ka faɗo gabanta ta murƙushe ka. Sau goma sha ɗaya muna faɗowa. Na ɗauke yatsana daga kunama gaba ɗaya, na tallabe masa rimot kawai.

A na goma sha biyu gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma yatsan bai daina tafiya ba. Halittar na ƙasa tana kai da kawowa. Muka sauka a bayan ƙofar, ba harbi ko ɗaya.

"Saki, Malama," ya ce.

Na saki. Rimot ɗin ya ɗan sunkuya, sai yatsu huɗun nan suka damƙe shi ta ƙasa, bai faɗi ba.