Tekun da Balkissa Ta Zaɓa

Duk shekara idan bikin sabuwar shekarar 'yan China ya matso, Guangzhou sai ta zama kamar an share ta. Masu shaguna su ja ƙofofinsu su tafi garuruwansu, manyan kantunan takalma na titin Zhanxi Lu su yi tsit, ko mai ɗaure maka kwali ba ka samu. Ana gab da wannan hutun ne Munkaila, mutumin Maraɗi da ke sayen takalma yana turawa gida a kwantena, ya shigo wa matarsa Balkissa da maganar tafiya.

Ta idar da la'asar ke nan tana naɗe darduma a ɗan falonsu na unguwar Sanyuanli, ya turo ƙofa da fara'arsa, 'yarsu Rahila na biye da shi da jakar makaranta.

"Maman Rahila, bana ba za mu zauna muna kallon bango ba. Bakin teku za mu tafi."

Rahila ta yi tsalle ta rungume uwarta. Shekararta goma, a nan Guangzhou aka haife ta, Sinanci a bakinta kamar ruwa. Duk bayan hutu ƙawayenta na dawowa da labarin yashi da wasan ruwa, ita kuwa sai dai ta saurara.

"Teku kuma?" in ji Balkissa. Ta ajiye dardumar ta shige kicin, ta tsaya gaban tukunya ba ta ma kunna wuta ba.

Tana da ƙane, Issa, autan ɗakinsu, wanda ita ta goya shi tun yana jariri. Ya bar Maraɗi ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya yi aikin gini na ɗan lokaci. Magana ta ƙarshe da suka yi a waya, ya ce mata ya sami masu tsallakar da mutane Italiya, ta sa shi a addu'a. Shekara uku ke nan ba amo ba labari. Innarsu a Maraɗi ta kafe a kan cewa yana kulle a wani gidan kaso, wata rana za a sako shi. Munkaila ya san duk wannan, amma da ya ga matarsa ta daina ambaton sunan yaron, sai ya ɗauka ciwon ya warke.

Aka shiga zaɓen wuri. Kullum bayan cin abinci uba da 'ya su haɗa kai a kan waya suna duba hotuna. Munkaila ya fara kawo garin Sanya, can tsibirin Hainan, ya ce akwai ɗumi ko a wannan lokacin, akwai unguwar Musulmi da masallatai, abinci ba zai zama matsala ba.

"Sai an hau jirgin sama," in ji Balkissa. "Ka manta yadda Rahila ke amai a jirgi?"

Ya kawo bakin ruwan Shenzhen, nan kusa. Ta ce lokacin hutu mutane kamar tururuwa, yarinya za ta ɓace musu. Ya kawo Beihai, ta ce ina za su sami naman halal a can. Ya koma kan tsibirin Hailing, wanda ake zuwa a mota a yini ɗaya. Ya kira otal biyu, da suka ji baƙi ne masu fasfo sai suka ce masa meyo, wato babu ɗaki. Balkissa na jin haka daga kicin ta sauke ajiyar zuciya, har kunyar kanta ta kama ta.

Amma Munkaila ba mai saurin haƙura ba ne. Ya roƙi lawban ɗinsa, wato mai kantin da yake sayen takalma wurinsa, mutumin ya kira wani ɗan'uwansa, aka samo musu otal a Hailing mai karɓar baƙi. Ya dawo gida yana murna, sai Balkissa ta ce ta ji ana cewa iskar wurin tana sa yara mura.

Nan ya ajiye wayar da ƙarfi.

"Wai ke mi ke damunki? Duk wurin da na kawo sai kin samo masa aibi. Shekara guda ina tsaye cikin kwalaye, yarinyar nan tana kulle tsakanin makaranta da wannan ɗakin. In ba ki son tafiya da mu ne, ki faɗa."

Gani take in ta ce tsoron teku take ji, kamar ta yarda ke nan cewa tekun ne ya cinye Issa. Ta ce, "Ba komai, Baban Rahila." Rahila ta kwashe littattafanta ta shige ɗaki. Kwanaki suka wuce a gidan ba mai magana sai ta dole.

Ranar Juma'a Munkaila ya dawo daga masallaci da baƙo, kamar yadda ya saba in ya tsinci ɗan gida. Sunansa Tankari, wani dogon saurayi mara yawan magana, ya zo daga Yamai sayen tufafi a kasuwar Canaan, zuwansa na farko. Balkissa ta kawo musu tuwon shinkafa da miyar kuka ta koma kicin. Rahila kuwa da ta ga baƙo sai ta ɗauko waya ta miƙa masa.

"Kawu, duba. Wannan ya fi kyau ko wannan? Baba ya ce za mu je."

Tankari ya kalli hoton sau ɗaya ya kawar da kai.

"Yi haƙuri 'yata, ni ba na kallon teku."

Munkaila ya yi dariya ya ce ashe ba matarsa kaɗai ba ce. Tankari bai yi dariya ba. Ya ce shi ya taɓa shiga cikinsa, a Zuwara ta ƙasar Libiya, Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa.

Balkissa ba ta san lokacin da ta fito bakin ƙofar kicin ba, ludayi a hannunta.

"Malam, wace shekara?"

Ya faɗa. Shekarar da Issa ya ɓace ce.

"Ko ka san wani Issa, ɗan Maraɗi? Siriri ne, yana da tabo a girar hagu. In yana dariya yana rufe baki da hannu."

Tankari ya cire hannunsa daga kwano. Ya dubi Munkaila kamar mai neman izini, Munkaila ya ce wa Rahila ta shiga ɗaki. Ba ta shiga ba, ta maƙale a bayan labule, ba wanda ya kula.

"Hajiya, mi ne ne shi gare ki?"

"Ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Saurayin ya sunkuyar da kai ya fara. Ya ce gida ɗaya aka tara su suna jiran tafiya, tabarma ɗaya suke kwana da Issa. Ranar tashi aka raba su kwalekwalen roba biyu, Issa ya shiga na farko. Nasu Tankari injinsa ya mutu tun ba su yi nisa ba, igiyar ruwa ta dawo da su gaɓa. Na farkon ya wuce, daga baya iska ta taso. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya fara maido da mutane bakin yashi. Mutanen garin suka nemi masu taimakawa, shi ya je.

"Na gan shi da idona, Hajiya. Da tabon na gane shi. Da hannuna aka sa shi a ƙasa. Na so in sanar da danginsa, amma Issa na Maraɗi kawai na sani, wayarsa kuma ta tafi da shi."

"An yi masa salla?"

"An yi. Wani dattijo ɗan garin ne ya ja mu."

Balkissa ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ta juya za ta koma kicin, sai ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa. Munkaila ya taso ya durƙusa kusa da ita. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi ta tura mata a gaba duk kwanakin nan, hoto bayan hoto.

Washegari ya ce an fasa tafiya. Rahila ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damun uwar ke nan. Yarinyar ta goge hotunan daga waya da kanta, ta koma yin komai a hankali kamar mai laifi. Da Balkissa ke yi mata kitso sai ta ce da ƙaramar murya, "Mama, da ban nuna wa Kawu hoton ba, da ba ki yi kuka ba."

"Ba ke ba ce, Rahila. Da ma yana nan yana jirana."

Abin da ya rage shi ne Inna. Duk lokacin da Balkissa ta ɗauki waya sai ta sake ajiyewa. Inna ta kira sau ɗaya, suka yi hirar tsadar gero da ciwon gwiwa, a ƙarshe tsohuwar ta ce kamar kullum, "Ba wani labari ko?" Balkissa ta ce babu. Ta kashe wayar. Munkaila ya ce ta bari ya kira wani kawunsu ya je ya faɗa wa Inna, ta ce a'a, ita ta goya Issa, daga bakinta za a ji.

Ranar da kasuwanni suka rufe ta same shi yana shan shayi.

"Baban Rahila, ɗakin nan na Hailing, an bayar da shi?"

"Bar wannan maganar, don Allah. Na yi kuskure."

"Ni nake so yanzu. Shekara uku ina ganin teku a mafarki, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Ina so in ga abin da Issa ya gani."

"Ba tekun ba ne ai. Wannan daban, wancan daban."

"Ruwan gishiri ne dai. Ka kai ni."

Ya yi ta jan ƙafa, ta ƙi sauka daga maganarta. Suka tafi a mota, da tukunyar dambun nama da ta yi musu don kada su wahala da abinci. Hanya cike da masu tafiya gida, ba su isa ba sai da rana ta karkata.

Tekun bai yi kama da na hoto ba. Launinsa toka-toka, sama a lumshe, iska mai sanyi tana kaɗa mayafin Balkissa. Abin da ba ta zata ba shi ne ƙarar, wani irin gurnani da ba ya tsayawa. Ta tsaya nesa inda yashi ke bushe, tana neman ƙarshen ruwan da ido ba ta samu ba. Ta tuna Issa ko a tafki bai iya iyo ba. Ta yi ta tunanin yadda ya tsaya gaban irin wannan ya ɗaga ƙafa ya shiga.

Rahila ta cire takalma ta taka a hankali zuwa inda kumfa ke tsayawa. Ruwan ya taso ya shafi yatsunta.

"Rahila! Dawo!"

Ihun Balkissa ya sa 'yan China da ke kusa suka juyo. Yarinyar ta ruga da gudu ta dawo. Munkaila ya riƙe hannunta ya ce su je su tsinci bawon katantanwa nesa da ruwa, suka bar Balkissa ita kaɗai.

Ta zauna a yashi ta fiddo waya. A Maraɗi hantsi ne. Inna ta ɗauka, suka gaisa.

"Balki, wace ƙara ce wannan a bayanki? Ruwa ake yi?"

"Bakin teku nake, Inna."

A can bayan ana jin kukan akuya da muryar wata mai tallan fura.

"Mi ya kai ki can?"

"Inna, na haɗu da wanda suka zauna tare da Issa."

Ta faɗa mata duka, yadda Tankari ya faɗa, ba ta rage ba. Tana jiran salati da kururuwa, ba ta ji ba. Numfashin tsohuwar kawai take ji.

"An yi masa sutura?"

"An rufe shi, Inna. An yi masa salla."

"Musulmi suka rufe shi?"

"Musulmi ne."

"To," in ji Inna. Can ta ƙara, "To. Bari in aika a kira liman." Sai muryarta ta karye, wata maƙwabciya ta karɓi wayar tana tambaya lafiya, layin ya katse.

Balkissa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Juma'a. Da Munkaila da Rahila suka dawo, yarinyar ta zauna ta jingina da ita, aljihunta cike da bawon katantanwa.

Kwana ɗaya suka yi suka juyo, ko da yake an kama musu ɗakin har ƙarshen hutu. Rahila ba ta sake kusantar ruwan ba, ba kuma wanda ya ce ta je. A Maraɗi aka yi zaman makoki, 'yan'uwa suka yi ta kira. A Sanyuanli 'yan gida kaɗan da ba su tafi ba suka taru a falon Munkaila aka yi addu'a, Tankari ma ya zo ya zauna a gefe. Da kasuwanni suka buɗe, Balkissa ta fara shirin tafiya gida wurin Inna. Ta ce wa mijinta ba ta san ranar dawowarta ba, shi ma bai matsa mata ba.