Harbi a Ranar Farko

Inna na jin Auta yana cewa a waya, "To oga, ga ni nan zuwa, zan yi troubleshoot," sai ta garƙame ƙofa ta soke makulli a ƙugu don kada ɗan nata ya fita. Ɗan Turancin fim ɗinta ya ishe ta: trouble rigima ce, shoot kuwa harbi.

"Daga fara aiki yau sai bindiga? Ba inda za ka!"

"Haba Inna, firintar ofis ce ta ƙi aiki! Nufinsa a gano matsala a gyara. In na makara, kora ce!"

Ta harare shi, ta zari mayafi.

"Mu je in gani da idona."

Haka sabon ma'aikaci ya faɗo ofis a kan lokaci, uwarsa na biye tana haki tana tambayar oga ina ya ɓoye bindigar.