Hannun Maccido, Fuskar Muhtari

Malam Maccido ya yi shekara ashirin da shida yana koyar da aikin gona a firamare kafin ya yi ritaya, kuma abin da ya fi ci masa rai a ritayar shi ne rashin masu saurare. Ya koma lambunsa na bakin gulbi, can bayan gadar Kaura Namoda, yana renon dashen mangwaro da gwaba da lemo a cikin leda. Yana da hannun dashe, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai dai itace ba ya cewa "Na'am, Malam."

Matarsa Saude ce ta kawo maganar waya. Ita ta daɗe tana sayar da yajin daddawa ta Wasaf, har daga Zurmi ake aiko mata, shi kuwa yana zaune gindin gwaba yana jiran mai saye ya faɗo daga sama. Da farko ya ce wannan aikin yara ne. Bayan kwana uku ya sa ta buɗe masa shafi a Tiktok, ya raɗa masa suna Lambun Kaura.

Sharaɗi ɗaya ya kafa: fuskarsa ba za ta fito ba. Ya ce dattijon da ɗalibansa suka zama manyan ma'aikata ba zai tsaya gaban waya yana washe baki ba. Abin da bai faɗa ba shi ne haƙoransa biyu na gaba sun daɗe da yi masa sallama. Don haka sai ya ɗaure wayar da roba a reshen gwaba ta kalli ƙasa, ba a ganin komai sai hannuwansa da reza da dashe.

Ya fara da auren mangwaro. Ya fere reshen irin mangwaron nan binta-siga, ya tsaga kan ƙaramin dashe, ya cusa, ya naɗe da leda, yana bayani da muryar aji. Ya gargaɗi masu kallo cewa ba ya maimaita magana, sannan ya maimaita sau uku. A ƙarshe ya ce duk mai so ya zo Lambun Kaura, da an wuce gada, hannun dama.

Cikin wata guda mutum dubu goma sha huɗu suka bi shafin. Maccido ya koma raba yini biyu, rabi ban-ruwa, rabi karanta yabo, yana gyara wa masu yabon kuskuren rubutu. A masallacin unguwa ya fara sako kalmar "mabiyana" a zancen da bai shafe ta ba.

Damina ta kama, lokacin dashe ya yi, amma masu saye ba su ƙaru ba. Kullum yana jin babura suna tsayawa a bakin hanya, sannan ya hango su sun tashi da lodin dashe. Lambun da ke bakin hanyar na Muhtari ne, wani magidanci mai sanyin hali da ya bar acaɓa ya kama lambu, wanda ma a wurin Maccido ya koyi auren itace ta saman shinge. Na Maccido yana bayansa, sai an bi wata siririyar hanya ta cikin gamba. Duk da haka bai kawo komai a ransa ba. Har ya tsaya wata safiya ya yi wa Muhtari nasiha cewa zamani ya canza, ya kamata ya nemi babbar waya kada a bar shi a baya. Muhtari ya saurara da ladabi, ya ce shi ma bai san abin da ya faru bana ba, Allah dai ne ke kawo kasuwa.

Asiri ya tonu ne ranar da wani Alhaji Lukman daga Shinkafi ya yi godiya a shafin. Ya rubuta cewa dashe arba'in da ya saya duk sun kama, ga kuma hoton da ya ɗauka da Malam don tarihi. Maccido ya buɗe hoton. Alhaji Lukman ne ya dafa kafaɗar Muhtari, Muhtari yana dariya da haƙoransa cif.

Maccido bai ko tsaya sa takalmi ba ya zagaya wurin Muhtari, ya tura masa wayar a fuska, ya tambaye shi tun yaushe ya zama Malam.

"Wallahi Malam ban taɓa ce ma kowa ni na ba," in ji Muhtari. "Su ka zuwa su ce nan na lambun Kaura? In ce nan na. To ai Kaura muke, kuma lambu na."

Maccido ya tambaya ko ba su lura muryar ta bambanta ba. Muhtari ya ce wasu sun yi maganar, amma da kansu suka yanke cewa waya ce ke ƙara wa murya nauyi.

Washegari Maccido ya karya sharaɗinsa. Ya sa babbar riga da hula, ya juya wayar ta kalle shi, ya rufe giɓin da leɓe iya ƙoƙarinsa, ya sanar da duniya cewa shi ne mai Lambun Kaura na ainihi. Kafin la'asar martani ya cika shafin. Wani ya ce Baba ya ji tsoron Allah, sun je sun ga mai lambun da idonsu, dogo ne baƙi. Wata ta ce ɓarayi sun ƙwace shafin, kowa ya yi hattara. Alhaji Lukman ya rubuta doguwar takarda yana kare mutuncin Muhtari, ya ce hassada ga mai rabo taki ce, ya ƙara da cewa yanzu har murya ana iya sata da na'ura.

Saude ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta huce ta ce mafita ɗaya ce, su fito tare, Muhtari ya faɗi gaskiya da bakinsa.

Muhtari ya yarda ba musu. Amma da aka kunna waya sai ya sandare kamar an dasa shi. Da ƙyar ya nuna Maccido ya ce, "Wanga shi na Malam." Daga nan Maccido ya karɓe, ya yi minti goma sha ɗaya yana bayani, ya ɗauko tun daga shekarar da ya fara koyarwa. Ashe ba wanda ya kalla har ƙarshe. Abin da jama'a suka fahimta shi ne Muhtari yaro ne mai biyayya, ya kawo tsohon malaminsa ya ba shi aiki a lambu. Aka yi ta sa masa albarka.

Daga nan Maccido ya haƙura. A satin ne kuma dashen Muhtari ya ƙare ƙaf, ga mutane suna ta zuwa daga Kasuwar Daji da Sakajiki. Suka cire turaku biyu a shinge suka yi ƙofa. Mai saye ya shigo ta wurin Muhtari, a gaisa, a wuce da shi ciki, Maccido ya zaɓa masa dashe ya kuma yi masa lacca kyauta kan zurfin rami da takin gida, ko ya so ko bai so ba. Kafin damina ta raba, ledoji kaɗan suka rage a lambun.

Ranar wata Talata Alhaji Lukman ya dawo neman lemo. Ya gaishe da Maccido cikin girmamawa, ya tambaye shi yaya aiki a wurin Muhtari, Maccido ya ce alhamdu lillahi, ba ya takura masa. Da aka gama ɗaure kaya a mota, Alhaji ya ce yana son sabon hoto da mai lambu, ya miƙa wa Maccido wayarsa. Maccido ya goge hannu a riga ya karɓa, ya ce su matsa daga rana, ya sa Muhtari ya gyara hula, ya ɗauka har sau uku don kada a samu matsala.